Goron Muntari da Haƙorina

Alhamis, 18 ga Sha'aban, 1341

Malam Sodangi ya yanke magana. Ni zan ja masa baki a tafsirin Azumin bana, in karanta aya shi ya fassara. Shekara goma sha biyu ni da Muntari muna ɗaukar karatu a zauren nan, kowa kuma shi yake sa wa rai, don muryarsa ta fi tawa zaƙi. Ba zan yi wa takardar da ba mai gani ƙarya ba: na ji daɗi, har yadda fuskarsa ta faɗi ma ya yi mini daɗi. Da muka fito ya ɓare farin goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "Allah shi hisshe ka kunya, Maccido."

Asabar, 20 ga Sha'aban

Can ƙuryar baki, ɓangaren dama, wani abu na zugi.

Talata, 23 ga Sha'aban

Dasashi ya kumbura bayan haƙorin ƙarshe, wurin da ba komai sai nama. Zugin ya haura kunne. Ruwan gishiri, kanumfari, duk a banza. Inna Delu, wadda ta raine ni, ta leƙa da kyau ba ta ga rami ko tsutsa ba. Ta ce, "Mi kac ci? Wa yab ba ka?" Na ce goron Muntari ne kawai. Ta maimaita sunan, ta tafa hannu ta fita.

Talata, 1 ga Ramadan

An buɗe tafsiri bayan la'asar, ga zafi kamar bakin murhu. Bakina yatsa biyu kawai yake buɗuwa. Sau uku Malam ya gyara mini harafi a gaban jama'a, ni da ban taɓa shan gyara ba tun ina yaro. Muntari na sahun gaba, leɓɓansa suna bin karatun. Me yake bi? Wa ya sa shi?

Juma'a, 4 ga Ramadan

Yatsa ɗaya. Ga wari, ni kaina ina jin sa. Na kasa. Malam ya ce Muntari ya karɓa, ya kuwa karanta tiryan-tiryan kamar wanda ya shekara yana shiri.

Lahadi, 6 ga Ramadan

Na faɗa. A gaban Malam da dattawan zaure na ce namiji mai shekara ashirin da huɗu, haƙoransa garau, ciwo ba ya tsiro masa haka nan a daidai inda ya tauna goron wanda ke son wurinsa. Ban ce sammu ba, su suka ce. Muntari ya miƙe, ya nemi a bar shi ya rantse. Malam ya ce ba a zaurensa ba, kuma kada ya sake tako ƙofar har Allah ya bayyana gaskiya.

Audi, wani ɗalibin zauren, aka ba karatun. Murya kamar ƙyauren da bai sha mai ba. Ko shi ya fi mini Muntari.

Alhamis, 10 ga Ramadan

Inna ta kira Tambari wanzami ya yi mini ƙaho a kumatu. Kafin ya ɗora ya ce sai ya gani. Ya ja ni hasken rana, ya zura yatsa har ƙurya, na kusa suma. Sai kawai ya fashe da dariya.

"Sammun mi? Haƙori na, malam. Taɓa ka ji kainai ƙarƙashin nama."

Na taɓa. Abu mai tauri, da ɗan tsini.

Wai haƙorin hankali ne, mai zuwa bayan mutum ya yi gemu. Alamarsa ke nan: kumburi a ƙurya, muƙamuƙi ya riƙe, kunne ya ɗauka. In ya fito tsaye, haƙuri da ruwan gishiri sun isa, a bar shi. Nawa ya kwanta yana tunkuɗar maƙwabcinsa, ƙasansa ya tara mugunya. "Wanga sai cirewa, awartakina kuwa ba shi kai can. Tahi ga likitan Nasara tun kumburin bai sauka ga wuya ba."

Na raka shi ƙofa, na roƙe shi ya riƙe bakinsa. Ya dube ni, ya rataya zabirarsa, ya tafi.

Litinin, 14 ga Ramadan

Na sha azumi da izinin Malam, na tafi bariki. Mutum biyu suka danne ni, Baturen ya tsaga. Ban san ina da irin wannan kukan a cikina ba. Bayan an gama aka nuna mini shi a faranti, lafiyayyen haƙori, karkatacce, ba ɗigon baƙi a jikinsa. A hanya na jefa shi kwazazzabo.

Na ce wa Malam Bature ya tsaga ya fitar da mugunya. Ai gaskiya ne, ya fitar.

Asabar, 19 ga Ramadan

Na koma jan baki. An ce muryata ta ma fi da.

Muntari ya bar gari shekaranjiya, ya koma Wamakko wurin kawunsa. Inna ta ce kunun buɗa-baki da mahaifiyarsa ke aika wa maƙwabta, a cike ake mayar mata da ƙoƙon. Tsohuwar da ta sha ciyar da ni. Inna tana faɗa tana murna, wai alhaki ne. Na kasa shan nawa kunun.

Laraba, 23 ga Ramadan

In na faɗa yanzu, wa zai sake sauraron aya daga bakina?

Asabar, 3 ga Shawwal

Na tafi Wamakko, na ce wa Inna shinkafa zan duba. Na same shi yana sharar gona, ya yi baƙi, ya rame. Ya ajiye gatari ya miƙo mini goran ruwa. Na shirya magana tun daga ƙofar birni, duk ta gudu. Shi ya fara.

"Yaya haƙorin?"

Na tsaya da goran a hannu.

"Tambari ya hwaɗa min tun ranar da yag gane shi. Ya so shi tahi ga Malam, ni na hana. Na ce Maccido abokina na, bari shi hwaɗi da kainai. Kwana bakwai ina zaune ɗaki, duk sallamar da aka yi ƙohwar gida sai in ce kai na."

Bai zage ni ba. Ya karɓi goransa ya koma aikinsa. Na tsaya har rana ta ƙona mini ƙeya, bai waiwayo ba.

Litinin, 5 ga Shawwal

Na faɗa a zaure, a gaban dattawan nan dai. Ba wani abu ba ne, maganar ce ta yi mini nauyi. Na faɗi haƙorin, na faɗi ranar da na sani, na faɗi kwazazzabon.

Malam ya daɗe yana jan carbi. Ya ce gobe Audi zai kai saƙo Wamakko, Muntari ya dawo. Audi ya ce a banza, jiya kawun Muntari ya zo ya ɗauki tsohuwar da kayanta, sun rufe gidan, ba dawowa.

Na jira nawa hukuncin. Malam ya buɗe littafi ya ce, "Zauna, Maccido, mu ci gaba."

Na zauna. Da ma korata ya yi.