Gilashin Motar Marigayi

Bunkure, Janairu 1986

Zuwa ga Yayana Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Rekiya da yara. Allah ya saka da zuwan da kuka yi mana gaisuwa. Mu dai muna nan, haƙuri ya zama dole.

Shawara nake nema. Akori-kurar baban Kubra tana ƙofar gida tun ranar da aka janyo ta daga kwalbatin da ta daka. Bakanike ya duba, ya ce inji lafiya lau, gilashin gaba ne kawai ya tafi. Yaya, gilashin nan ya hana ni sakat. Inda kansa ya bugu ya lotsa, kuma kullum sai na leƙo ta zaure na ga Kubra tsaye tana kallon wurin. Shekaranjiya ta ce mini, "Umma, nan ne ya yi wa Baba ciwo?" Sai na jawo ta cikin gida.

Ga tumatirin da ya shuka a bakin kanal ya fara ja, kuma ka san motar haya sai mai hanya a wannan lokaci. Idan aka gyara tamu, akwai direban da zai riƙa kai mana kaya kasuwar Kwanar Gafan.

Akwai wani Maharazu da yake zuwa a babur ranar kasuwa, yana sa wa motoci gilashi a duk inda suke. Ya ce zai nemo irin nata, ya sa a nan ƙofar gida ina ji ina gani. Shi kuwa Yaya Dalhatu, wan marigayi, ya ce aikin banza ne, a ba shi makulli ya kai ta gareji a Kano. Ni ina takaba, ba zan iya bin ta ba, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Me ka gani?

Ƙanwarka,
Zuliha

Kano, Janairu 1986

Zuwa ga ƙanwata Zuliha,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma fahimci bayaninki. Allah ya jiƙan Sammani, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Na tambayi direbobin ma'aikatarmu. Bakinsu ya zo ɗaya: masu yawo a babur gilashin gwanjo suke sawa, wanda aka ciro daga motocin da suka yi haɗari, da tsohuwar roba. Damina na zuwa ruwa zai riƙa shiga, wani ma gargada kaɗan sai ya tsage. A gareji kuwa sabo ake sawa, idan ya ba da matsala akwai inda za a koma a yi magana. Mai babur ina za ki gan shi?

Game da Dalhatu, ki ji tsoron zato. Ɗan'uwansa ya rasa, kuma ba a raba gado ba tukuna, bai dace a ce kin yi gaban kanki da motar ba. Ki ba shi makullin. Ai ina Kano, zan riƙa leƙawa.

Ki shafa mini kan Kubra da Bilya.

Yayanki,
Mukhtari

Bunkure, Fabrairu 1986

Yaya Mukhtari,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Na bi maganarka. Ranar da takardarka ta zo na aika wa Yaya Dalhatu makulli, washegari ya zo da direba. Suka fasa sauran gilashin da guduma suka share, direban ya naɗe fuska da rawani, suka tafi. Yaya Dalhatu ya dawo zaure ya ce, "Kawo takardun motar, saboda 'yan sanda a hanya." Na ba shi.

Har yau ba ta dawo ba. Duk wanda na aika sai ya ce masa gilashi ake jira daga Legas.

Tumatir kuwa ya nuna gaba ɗaya, kamar an yi masa magana. Mun ɗebi na farko, kwanduna suka kwana biyu a bakin titi, ruwa yana tsiyaya ta ƙasansu. Wanda ya zo da mota ya taya yadda ya ga dama, na ce a ba shi. Sauran muna yankawa muna shanya kauɗa ni da maƙwabta, hannuwana duk sun tsattsage. Wanda ya fi ƙarfinmu yana can yana ruɓewa a gona, awaki ma sun ƙoshi.

Ranar kasuwa Maharazu ya yi sallama, ya ɗauro gilashin a baya cikin buhu da tsumma. Kubra ta fita ta ce masa an kai mota Kano. Ina jin sa daga ciki ya ce, "To, Allah ya dawo da ita." Ya tada babur ɗinsa.

Ka ce za ka riƙa leƙawa. Don Allah ka leƙa.

Ƙanwarka,
Zuliha

Kano, Maris 1986

Ƙanwata Zuliha,

Sallama da gaisuwa. Na jinkirta amsa ne don ban san ta inda zan fara ba.

Na je garejin. Mai wurin ya gane motar nan take. Ya ce, "Ai a ranar muka sa mata, sabo dal, ko awa biyu ba ta yi a nan ba." Babu wani gilashi da ake jira daga Legas.

Na bi sawu har kasuwar 'Yankaba, na same ta ana loda mata albasa. An sake mata fenti, amma na gane ta da lambar. Mutumin da ke riƙe da ita ya ce saya ya yi a hannun Dalhatu, ya nuna mini takardu. Na tsaya ina kallon ta har suka gama lodi. Aikin gilashin ya yi kyau, Zuliha, ba abin da zan ce.

Na tari Dalhatu a gidansa na Kura. Bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce shi ne waliyyin marayu, ya adana musu dukiya ne, idan sun girma za a yi magana. Na ce a kira malamai a raba gado yanzu, ya ce ni surukin gida ne, ba ni da baki.

Da kin bi zuciyarki, da motar tana ƙofar gida, ko da gilashin yana yoyo. Ni na hana ki. Ina ganin ki tattara yara ku koma gidan Baba da zarar kin fita takaba, mu bar shi da Allah.

Yayanki,
Mukhtari

Bunkure, Maris 1986

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta. Ba na riƙe da kai.

Jiya an saki ruwa a gonarmu ta bakin kanal, kuma ba ni na sa ba. Wasu mutane ne suke tuge sauran tumatirin, sun ce Yaya Dalhatu ya ba su haya.

Ranar Laraba zan fita takaba. Ka zo da wuri. Ba gidan Baba za ka kai ni ba, wurin alƙali za mu je, kuma ni zan yi magana da bakina. Idan kana jin kunyar surukai, ka raka ni ƙofar kotu ka tsaya a waje ka riƙe mini Bilya.

Ƙanwarka,
Zuliha