Baba Ne Ya Hana A Kira Ka, Lawali

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƙanena Lawali, a Afirka ta Kudu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Na rubuta maka a wannan shafi na intanet inda kowa zai karanta, saboda tun rasuwar Baba ba ka ɗaukar salula, kuma na san kana leƙowa nan.

Ka tuna saƙon muryar da ka aiko farkon damina? A zaure na kunna wa Baba bayan la'asar. Ka ce wani tauraro zai gitta ta gaban wani can nesa, nauyin na gaban ya lanƙwasa hasken na bayan, sai a ga hasken ya ƙaru. In na gaban yana da ƙatuwar duniya mai kewaya shi, hasken zai ɗan yi tsalle, da haka ake gane tana nan ko ba a gan ta ba. Ka ce in ya wuce ba ya sake dawowa, kuma malaminku ya sa ka cikin masu bibiyarsa.

Baba bai gane duka ba, ni ma haka. Amma ranar kasuwar Ollelewa duk wanda ya tambaye ka sai ya ce, "Yana can yana gadin tauraro."

Da ciwon ƙirji ya tsananta wa Baba muka kai shi likita a Tanut. Na ɗauko salula zan kira ka, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Rabi, in ya ji zai watsar da aikin ya taho, kuma ba shi zai warkar da ni ba. Bar shi ya ga abin nan." Da ka kira da kanka, sai da ya sa na jingina shi da bango, ya gyara murya, ya yi ta ba ka labarin gero. Kana kashewa tarin ya dawo.

Ranar da ka aiko cewa hasken ya yi tsallen, an gano duniyar, yana cikin hankalinsa. Da ya ji, sai ya ce, "Allah mai halitta." Har mai jinyar gadon kusa sai da ya ba shi labari. Juma'ar da ta biyo ya cika.

Abokinka Sani ya faɗa mini kana cewa ka zaɓi tauraro ka bar ubanka. Lawali, ƙanena, ba ka san yana kwance ba. Shi ya zaɓa maka, kuma da murna ya yi.

Mun gama girbi. Inna kuwa, duk motar Damagaram da ta tsaya a bakin hanya sai ta fito ƙofar gida. In zuwan ya yi maka nauyi yanzu, ka kira ta. Ko ba ka iya magana ba, ita za ta yi.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Rabi