Takardar da Babu a Bangon Gidanmu

Plouhinec, 9 ga Maris

Zuwa ga ɗana Gurvan,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da Maude da yara, kuma sanyin Montreal, can Kanada, ya fara sassauta muku. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana zuri'a. Mu nan ƙalau muke, sai dai ƙafafun kakarka Perrine da suka kumbura, yanzu daga gado sai kujerar bakin taga. Bakinta kuwa yana nan yadda ka san shi.

Na ga saƙonka cewa ka nemi takardun aikin sojan kakanka Corentin don tarihin dangi da kake haɗawa, aka ce maka ba a gan su ba. Kada ranka ya ɓaci, kuskuren nan kusan kowa yana yin sa, ɗalibaina ma sun sha yi. Ka nema da shekarar haihuwarsa da sunan garinmu. Su kuwa soja suna jera mutum ne a shekarar da ya cika ashirin, a kuma wurin da yake zaune lokacin. An haifi Baba a 1937, ka ga ɗan rukunin 1957 ke nan, kuma a shekarar nan ba ya nan yankinmu na Bretagne, iyayensa sun kwashe su zuwa Trélazé aikin fasa dutsen rufin ɗaki. Da na gyara waɗannan biyun, na haɗa da shaidar rasuwarsa da tawa ta haihuwa na aika musu da kaina, bayan wata huɗu sai ga ambulan. Na yi ta murna kamar yarinya. Da ma ban buɗe shi a gaban Inna ba.

Ka tuna falon tsofaffin unguwarmu? Kowanne da takardar shaidar ɗa'a a cikin gilashi, wadda ake ba soja ranar sallama, rataye kusa da hoton aure. Bangonmu ne kaɗai babu. Muna yara ni da babanka mun sha tambaya, Inna ta ce ruwa ya ci ta wajen ƙaura. Shekara sittin ina kan wannan maganar. To, shafi biyu ne suka zo. Ga tsayinsa, ga launin idonsa, ga ranar da jirgin ruwa ya sauke shi a Aljeriya lokacin yaƙin da ƙasarmu Faransa ta yi a can, ga wata ashirin da bakwai da ya yi can. Ina karanta mata da ƙarfi muna shan kofi, da muryar nan tawa ta aji, har bakina ya riga hankalina zuwa layin ƙarshe: kwana sittin a kurkukun soja, shaidar ɗa'a an hana. Ba a rubuta dalili ba.

Ta ajiye kofinta a hankali, ta ce sannu malama, kin gama duba jarrabawar 'ya'yan mutane, yanzu kin koma duba ta matattu. Kwana biyu ba ta ce mini ko ci kanki ba, ko man shanu take so sai ta nuna da yatsa. A rana ta uku ina taje mata kai sai ita da kanta ta ɗauko zancen. Ta ce sau ɗaya tak Baba ya taɓa faɗa mata, shekarar da aka haife ni. An sa shi gadin ƙofar wani ɗaki a wata gona, an kulle mutanen wani ƙauye a ciki, ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya don tambaya, yana jin abin da ake yi musu. Sai ya jingine bindigarsa ya buɗe ƙofar. Ko sun tsira, ko buɗewar ce ta jawo aka harbe su suna gudu, har ya mutu bai sani ba. Da ya dawo garin nan, waɗanda su ma suka je yaƙin ba su sake zama teburi ɗaya da shi ba, ita kuma ta ƙirƙiro labarin ruwa don kada a tsokane mu a makaranta.

Gurvan, ka tuna yadda muke yi wa kakanka dariya da barin ƙofa a buɗe cikin hunturu, kai ma kana ƙarami kana bin sa kana rufewa? Tun da Inna ta faɗa mini, abin ya daina ba ni dariya.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Inna ta sa na yi alkawari ba zan aiko maka da kwafin takardar ba, kuma ba za a sa sunan mijinta da wannan layin a intanet ba muddin tana numfashi. Ta yarda in gaya maka zancen ƙofar. Amma ta ce akwai saura, kuma ɗan Kanada mai son tono, idan da gaske yake, ya zo da ƙafarsa ya zauna a gabanta, ita ba ta ba takarda labari. Ni kaina ta hana ni sauran. Raina bai kwanta ba, domin duk rayuwata ina koya wa yara su nemi gaskiya a rubuce, ga shi rubutun ya ba ni rabi kawai.

Saboda haka ka gwada da kanka. Ka sake nema da 1957 da Trélazé, babanka ya sa hannu, ka gani da idonka. Sai dai amsarsu wata huɗu ce, kuma likita ya duba zuciyar Inna jiya bai yi mini alkawarin wata huɗu ba. Ka fara neman jirgi kafin ka nemi takarda.

Ka gaishe da Maude, ka shafa mini kan Azenor da Lomig. Babanka yana gaishe ku, ban gaya masa komai ba tukuna. Inna ta ce in ce maka ka rage ƙiba kafin ka zo, kujerar da ke kusa da tata ƙarama ce.

Gwaggonka mai ƙaunarka,
Annaig