Littattafan da Lawal Ya Ara Yana Jidda

Gadarif, 9 ga Safar

Zuwa ga ƙanena Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Jummare da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san ta warke ke nan. Damina ta yi albarka. Maigidana Ishaku yana can gonar mashru'u, babban gandun noman nan, a Ƙala'at an-Nahal ana shirin yankan riɗi, ba ma ganinsa sai Juma'a.

To, gyara zama in taya ka murna. An zaɓe ka gwanin karatu na maktabar unguwarmu, wato ɗakin karatu. Kai ɗin nan, da rabonka da Gadarif shekara shida, kai da takardata ma sai ta yi mako a aljihunka! Aikin autarmu ne, Ummusalama. Ka san a maktabar take aiki. Suna da ƙa'ida, duk littafin da ya shekara uku ba wanda ya ara, sai a kwashe shi zuwa sito, can kuwa gara ce ke sarauta. Aron ma'aikaci ba ya ceton littafi, sai na mutumin waje. Sai baiwar Allah ta buɗe kati da sunanka. Kowace Alhamis ta bi kantocin littattafai tana neman wanda aka manta da shi, ta buga masa hatimi, ta taho da shi gida.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba ajiyewa take yi ba, karantawa take tun daga bango har bango. Ta ce in ta ara da sunan wani kuma ba ta karanta ba, ƙaryar ta zama biyu. Da ta idar da sallar asuba sai ta wanke hannu, ta zauna bakin murhu kafin jabanar gahawa ta tafasa. Ba ta naɗe kunnen shafi, busasshen ganyen dawa take sakawa. Kisra kam, wainar dawarmu, mun ci ƙonanniya ba adadi. Na sha yi mata tsiya, amma wallahi yarinyar nan tana burge ni. Akwai littafin da take so a kan baƙar ƙasar gonakinmu, da dalilin da ya sa take tsagewa da rani. Akwai na wani matafiyi da ya taho daga yamma a ƙafa zai tafi Makka, irin tafiyar kakanninmu. Shi kam sau uku ta karanta, ta kuma fassara wa Inna har suka yi kuka tare. Akwai kuma wani a kan farar ɗango, shi kam Ishaku ya yi ta yi masa dariya, sai da ta gaya masa irin wurin da take zuba ƙwai, ya je ya tona ya gani da idonsa. Ka kuma sani, a rubuce dai har aikin ungozoma ka karanta.

Ana nan sai aka kawo sabon mudir, shugaban maktabar. Ya ga katinka cike da hatimi, ya ce lallai a nemo masa wannan Lawal ya karrama shi a gaban jama'a. Ni da kaina na ba ta shawara ta ce ka yi tafiya, ai ba ƙarya ba ce. Ta ƙi. Ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ta je ta faɗa masa komai. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce amfani da sunan mutum ba da saninsa ba laifin kora ne. Sai ya riƙa zaro littattafan da ke katin yana buɗewa inda ya ga dama yana tambayarta, tana ba shi amsa, har ya gaji ya zauna. Daga ƙarshe ya ce in mai sunan ya rubuto da hannunsa cewa ya yafe, magana ta wuce. In kuwa watan gobe ya ƙare babu takarda, ta ajiye makulli.

Na tambaye ta me ya sa ba ta sa sunana ba, ga ni kusa. Ta ce kai ka fara nuna mata alif da tsinke a ƙasa, a shekarar da Baba ya cire ka daga aji uku ya tura ka noman mashru'u. Ta ce ta ga ranar da ka miƙa mata jakarka ka juya baya don kada a ga idonka, ba ta kuma manta ba. Tun ran nan, in ta buɗe littafi gani take rabonka ne take ci. Ni da na girme ku duka na manta wannan rana, Lawal, na ji kunya.

Don Allah ka rubuto da wuri, da hannunka, kada ka sa wani. Komai karkacewar rubutun, shi ake so. Modibbo maƙwabcinmu da zai zo Jidda zai kawo maka wannan takarda, shi kuma zai dawo da amsa.

Inna tana sa maka albarka. Ishaku da Wada da Hajiya Rakiya suna gaishe ka. Ka gaida Jummare, ka shafa mini kan Huseina.

A ƙunshin da Modibbo zai ba ka akwai ɗan littafi a kan taurarin da matuƙan jirgin ruwa ke bi. Shekararsa uku saura wata biyu ba wanda ya taɓa shi. Da sanin mudir ta buga masa hatimi a katinka, ita kuma ba ta buɗe shi ba. Ta ce wannan karon kai za ka ba ta labari.

Wassalam. Yayarka,
Atine