Inna, Ba Daga Jiratawa Tarin Ya Fito Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne don tun da kika rasu ban sami wanda zai bar ni in yi ƙorafi har in kai ƙarshe ba, kuma yau cike nake da shi. Zan ajiye ta inda mutanen Maraɗi za su karanta, don rabin maganar tasu ce.

Inna, ƙanwarki Iya Tsahara ta daina yi mini magana. Wata biyu ke nan ba ta ɗaukar wayata. Ƙunshin zogalen da take aiko mini duk Juma'a daga Jiratawa, wanda ta ci gaba da aikowa bayan rasuwarki ba tare da na roƙa ba, shi ma ya tsaya. Ban ga laifinta ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Kwana kaɗan bayan sadakar arba'in ɗinki wani tari ya shiga garinku. Zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, sai tari mai sarƙe numfashi. Yara suna tashi bayan 'yan kwanaki, tsofaffi kuwa yana kwantar da su sosai. Ƙawarki Dije, wadda kuke tsinkar zogale tare, ta kwanta ba ta tashi ba. Allah Ya jiƙanta, ina fata kun sadu.

Kin san aikina a labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wanda kike kira aikin kwalabe. Kina cewa, “Ke dai kullum cikin kwalabe, Allah Shi sa da albarka.” To aka ce mu fita mu ɗebo majinar masu tarin da tsinken auduga, mu sa a ƙananan kwalabe, a kai Yamai inda ake da na'urar da ke karanta ƙwayar cutar. Aka tura ni Jiratawa saboda can dangina suke.

Da na isa, mata suka leƙo suka ga tsinken, kowace ta ja zanenta ta koma ɗaki. Iya Tsahara ce ta fito tana tari, ta kifa turmi a tsakar gida ta zauna a kai, ta ɗaga mini fuska. Ta ce da su, “Ɗiyar yayata ce, ba ta cutar mu. Ku hito.” Suka fito. Har daga fadama aka kirawo maza, ƙafafunsu duk taɓo, suka yi layi. Ran nan na koma da kular ƙanƙara cike, ina jin kaina kamar na yi wani abin kirki.

Washegari muka shiga cikin birni, don a nan ma ana tarin. Inna, da kin ga yadda aka yi da mu. Manyan gidajen nan masu ƙofar ƙarfe, sai maigadi ya leƙo ya ce Alhaji ya yi tafiya, kuma kowa lafiya lau. Yana faɗa muna jiyo tari daga cikin gida, har sai ya ɗaga murya don mu ji shi. Wani gidan aka ce mana ba a sa wa matansu tsinke a hanci. Su in ciwo ya kama su, ma'aikacin jinya ake kirawowa har ɗaki ya ɗaura ruwa, ba wanda ya ji, ba wanda ya rubuta. A garin Tsibiri kuwa sai muka tarar masu tarin sun hau babur sun shigo Maraɗi aiki tun da safe. Kwana huɗu muna yawo, abin da muka samu bai kai rabin na Jiratawa na yini ɗaya ba.

A bangon biro ɗinmu, wato ofis, akwai taswira, duk inda aka tabbatar da cutar sai a soka jan tsinke. Kin ga ke nan inda jan ya taru. Wani, ban san ko wane ne ba, ya ɗauki hoton taswirar da waya ya tura wa wani. Kafin mako ya zagayo, daga 'yan kabu-kabu har matan da ke gidan biki, kowa “tarin Jiratawa” yake cewa. Mutanen da suka buɗe mana ƙofa su aka laƙa wa cutar, waɗanda suka rufe kuma suka fita da sunansu fes.

Shekara nawa Iya tana kawo salak da tumatir da kabeji kasuwar Maraɗi? Kin fi ni sani, ke kika fara kai ta. Yanzu in ta shimfiɗa buhunta, masu sayenta na da sai su ja mayafi su rufe hanci su ratse. An ce mini wata ta tsaya daga nesa ta tambaye ta ko ita ce wadda aka fara samu da shi. Kayan da ta yi wata biyu tana ban ruwa suna yaushi a gabanta. Abin da ya fi ƙona mini rai, da la'asar dillalai suna kwashe kayan nan a wulaƙance, su zagaya ɗaya ƙofar kasuwar su ce na Madarunfa ne, mutanen da suka toshe hanci ɗazu su saya su kai gida su ci. Tarin ma ba a ganyen salak yake tafiya ba, a numfashi yake. Na faɗa har na gaji.

A garinku kuma Iya ake zargi. Ita ta ce su fito.

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa sakamakon Yamai zai raba gardama. Mako shida muka jira. Yau a ce kayan aikin na'urar sun ƙare, gobe a ce mai sa hannu ya tafi taro. Ƙwayar cuta tana tsallaka gida uku a yini, takardarmu ba ta iya tsallaka tebur ɗaya a mako.

Bari in bayyana miki abin da na'urar take yi, don na san da kina nan sai kin tambaya. Ke ce ba a kawo miki baƙo ki bar shi ya sha ruwa ba ki ce, “Ɗan wa ne? Ina kunka hito?” ba. Kina duban zanen fuskar mutum ki ce wannan Bagobirin Tsibiri ne, wancan Bakatsine ne, har ki faɗi gidan kakansa. To ita ma ƙwayar tana da zanenta. A cikinta akwai wani dogon rubutu, duk lokacin da ta shiga jikin sabon mutum sai ta kwafi rubutun nan, wani lokaci ta yi ɗan kuskure. Kuskuren ba ya goguwa, 'ya'yanta da jikokinta duk da shi za su tafi. Na'urar tana karanta rubutun na kowace kwalba, a jera su kamar rassan itace, a ga wace ce ta haifi wace.

Da sakamakon ya zo, a tsaye na karanta shi. Ƙwayoyin Jiratawa duk suna ɗauke da zanen na cikin birni, sannan da wani ƙarin zane guda nasu na kansu. Na birni ba su da wannan ƙarin. Na Tsibiri ma ba su da shi. Ma'ana ta birni ce uwa, ta Jiratawa ɗiya. Daga Maraɗi tarin ya tafi can, kuma a duk kwalaben da aka karanta ba a ga alamar ya dawo ba.

Na ruga wurin shef ɗinmu, shugaban labon, na ce a kai gidan rediyo yau. Ya ce a'a, sai an rubuta rahoto, rahoton ya je Yamai, ya dawo da tambari. Na ce to hoton taswira wa ya buga masa tambari kafin ya zagaye gari? Ya ce in iya bakina. Ya ƙara da cewa sirrin marasa lafiya amana ne, ba a nuna gida ko unguwa. A nan kam yana da gaskiya, kuma ba zan nuna gidan kowa ba. Sai dai ban san dalilin da ya sa amanar nan ta tsaya a ƙofar ƙarfe ba ta kai gidan Iya mai dangar kara ba. Mako biyu ke nan rahoton yana tafiya.

Akwai abin da ban faɗa wa shef ba, Inna, ke zan fara faɗa wa.

Kwalaben ba su da suna, lamba ake rubutawa. A cikin na birni akwai wadda ta girme duk sauran a kwanan wata, tana zaune daidai gindin reshen Jiratawa. Na duba lambar a littafinmu sau uku, ko da yake tun a karon farko na gane rubutun hannuna: kwalbata ce. Lokacin da aka fara kawo mana tsinkayen, kafin a san da wata cuta a gari, mun koyi aikin ne a hancin junanmu. Ni ina 'yar mura a ranar, sai aka ce a ajiye tawa a firji a haɗa da duk kayan da za a aika nan gaba. Kwana biyu bayan haka aka yi sadakar arba'in ɗinki.

Ina tari na je. Na sha magani na danne zazzaɓin, don wa zai ji an ce ɗiyar fari ba ta zo sadakar uwarta ba saboda mura? Da an yi shekara ana maganar. Na yini a ɗakin Iya cikin mata, ƙofa a sake da labule, ana shiga ana fita ana yi mini gaisuwa. Dije ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna tana ba ni labarin ƙuruciyarku. Ludayi ɗaya muka sha fura da shi.

Na'urar ba ta iya cewa wane ne ya shafa wa wane, kuma ba ni kaɗai ce na zo daga birni ran nan ba. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa, kuma gaskiya ne. Amma ni na yi karatun abin nan, na san me tari yake yi a ɗaki rufe, na kuma shiga. Sannan na dawo da tsinke da kula ina neman inda cutar ta fito, na sa Iya ta zauna a kan turmi a gaban mutane. Ina jin kunya, Inna, ina kuma jin haushin kaina fiye da yadda nake jin na shef da na masu gadi.

Sirrin kowa amana ne, ba zan taɓa shi ba. Nawa kuwa nawa ne, ba na bukatar tambarin kowa kafin in faɗe shi. Shi ya sa na rubuta miki a inda za a gani. Duk wanda ya karanta har nan, ya kai wa na kusa da shi: Jiratawa ba su kawo wa Maraɗi komai ba sai salak da tumatir. Mu muka kai musu.

Jibi kasuwa. Zan je in zauna a gefen buhun Iya, ko ta dube ni ko ba ta dube ni ba, in faɗa mata da bakina kafin wani ya riga ni. Daga nan in wuce gidan Dije. Ban san da wace fuska za su karɓe ni ba, kuma da kina nan na san ba za ki ce in fasa ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Dije a gidan aljanna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanyaya zuciyar Iya a kaina, Ya mayar mata da masu sayenta. Ya yafe mini abin da na ɗauka a ƙirjina na kai ɗakin da ake yi miki addu'a.

Har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗiyar fari. “Ke” kike ce mini, in kin ji daɗina ki ce “'yar nan.” To yau zan rubuta shi da kaina. In mutanen garin nan ba su iya yin tari sai sun laƙa masa sunan wani, su sauke na Jiratawa, ga nawa.

Ɗiyarki ta fari,
Rakiya