Harafin ƙ a saƙon Malam Habu

Laraba, bayan isha'i.

Yau na gano abin da ke kashe manhajar da ke tace mana saƙonnin banza a biro, wato ofishinmu. Tun makon jiya take mutuwa, in tayar da ita ta sake mutuwa, saƙonni kuma suna jibge ba wanda ya isa wurin mai shi. Na zargi wuta, na zargi zafi. Ashe saƙo guda ne. Manhajar tana ajiye kowace kalma a rumbun bayanai, rumbun kuwa haruffan Faransanci kaɗai aka saita masa. Da ya ci karo da ƙ sai ya shaƙe.

Na buɗe saƙon. Malam Habu ne, wakilinmu na Gidimuni, wanda kullum Faransanci yake rubutawa. Wannan karon da Hausa ya rubuto wa darakta: ya kira waya bai samu ba, ƙanensa ba lafiya, yana roƙon motar biro ta kawo shi asibitin Damagaram.

Na gyara saitin, saƙonni suka wuce. Darakta ya leƙo zai tafi gida, ya ce, "Sannu, Malam Isufu, me ya lalace?" Na ce harafi ɗaya ne.

Shekaranjiya muka je Gidimuni ta'aziyyar ƙanen nan tare da darakta, Malam Habu bai yi mana maganar saƙon ba. Gobe da safe darakta zai buɗe saƙonninsa.