Maigidana ya tafi da akwatin cajin iyafis ɗina

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da ƙanana ina gaishe ku da fatan kowa ya tashi lafiya. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙasa kafin ku yanke min hukunci, don na san da an ji maganar iyafis ce, ɗan abin nan da ake sawa a kunne a ji waya, wasu za su ce abin bai kai a kawo shi nan ba.

Ni tela ce, ɗinkin mata da yunifom na 'yan makaranta nake yi a cikin gida, 'ya'yana uku. Asalinmu wani ƙauye ne bayan Wagini, yanzu muna cikin garin Batsari a gidan haya, ni da maigidana da yara da mahaifiyarsa da muke ce wa Inna. Wata rana bayan la'asar, muna can ƙauye, ina kwashe waken da na shanya a tsakar gida, sai na ji ƙugin babura da yawa lokaci guda, kafin in gane abin da ake ciki harbi ya fara. A ranar aka kashe yayan maigidana a bakin rijiya, aka kora shanun gidan. Ni ko ƙwarzane ban ji ba, amma tun daga wannan rana, da zarar na ji babur ya yi ƙara sai hannuna ya kama rawa. Shekara ta uku ke nan ina haka.

Gidan da muka samu kuma bayansa rumfar masu gyaran babura ce, katanga ɗaya ce tsakaninta da ɗakin da kekena yake. Daga safe har magariba ba wa inji wuta suke yi suna gwadawa. Sau biyu allurar keke tana shiga yatsana saboda zabura. Na sha rubutu, na je asibiti an ba ni ƙwaya, ita kuma sai ta kwantar da ni barci in kasa aiki, na cusa auduga a kunne ba ta tare komai ba.

Yayata malamar firamare ce, a Safana take koyarwa. Ta zo mana kwana biyu ta ga yadda nake yi, sai ta ba ni iyafis ɗinta mai waya, irin mai tauri ɗin nan da babu roba a bakinsa, ta ce in riƙa sa karatun Alƙur'ani ina ɗinki. Allah ya saka mata, amma gaskiya bai yi min ba. Muryar mai karatu siririya take fitowa kamar rediyon da batirinsa ya kusa ƙarewa, idan na ƙara sauti sai ya riƙa tsatsa. Ba ya zama a kunne, da na sunkuya zan sa zare sai ya faɗo, idan kuma na danna shi ciki kafin awa guda ƙashin kunnena ya fara zafi har cikin haƙori. Wayarsa ta taɓa naɗewa a ƙafar keke ta fizgo min wayar hannu ƙasa. Babban abin shi ne ƙarar babur tana shigowa yadda take, sai dai ta haɗu da karatun. Abu ɗaya zan yaba masa, idan an yi sallama ina ji.

Da na gama ɗinkin ƙaramar Sallah, ranar kasuwa na sa hijabina na je da kaina na sayi sabo, marar waya, mai bulutut, guda biyu ƙanana a cikin ɗan akwatin da ke yi musu caji. Ban yi shawara da kowa ba, gumina ne. Ya zo da robobi kala uku, na gwada babbar ta cika min kunne, ta tsakiya tana zamewa, ƙaramar ce ta zauna daram. 'Yan uwa, da na kunna sai da na tsaya. Har jan numfashin mai karatu tsakanin aya da aya ina ji, kamar a gabana yake zaune. Na sa waƙar gargajiya, bugun ganga ya fito da kauri, ka ji mai amshi daban, ka ji makaɗi daban. Masu gyara suka tada babur a bayan katanga, na ji shi can nesa kamar a wata unguwa, jikina bai ko motsa ba. Ranar na ɗinka riga tun daga yanka har kalmasa ban tashi ba, rabona da haka tun muna ƙauye.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Idan rana ta take gumi yana taruwa a bayan robar kunne ya riƙa ƙaiƙayi, sai na cire na goge. Idan ina tauna wani abu ina jin ƙarar haƙorana a cikin kaina. Na hagu yana ɗan sassautawa idan na yi dariya. Ga caji, wuta ba ta zama, sai an kai shagon caji. Idan aka kira ni a waya kuma masu kira suna cewa muryata kamar daga cikin randa. Duk na yarda da wannan, don bai taɓa sa min ciwon kunne irin na mai waya ba, ko da na wuni da shi.

To daga nan magana ta fara. Da yake ɗankwali yana rufe shi ba a gani, mace za ta yi sallama sau uku ban amsa ba, sai ta fita tana cewa na samu kasuwa na fara girman kai. Wata ta ce kurumcewa na yi, wata ta ce ni kaɗai nake motsa baki, a nema min magani. Inna ta ce sai ta yi ta kira kamar mai kiran wanda ke gona. Maigidana ya ce a wannan tsadar da kowa ke fama da abin sawa a tukunya, ni abin toshe kunne na gani na saya. Na ce masa tun da na saya aikina ya ninka, kuma tukunyar gidan nan ta shaida. Amma na san bai huce ba.

Ranar kasuwar da ta wuce ne abin ya fashe. Wajen azahar aka ce an ga mutanen daji a bakin gari, kasuwa ta watse, kowa na gudu ana rufe ƙofofi. Maigidana yana gona, yara suna makaranta, daga ni sai Inna a gidan, ita kuma ciwon gwiwa ya hana ta miƙewa sai an kama ta. Tana ɗakinta tana ta kiran sunana, ni ina kan keke ban ji komai ba. Da rarrafe ta ƙetaro tsakar gida a cikin ranar nan, sai ji na yi an ja min zane. Na waiwaya na gan ta a ƙasa, gwiwoyinta duk ƙasa, tana haki. Daga baya aka gane ba kowa ba ne, 'yan sintiri ne suka wuce a jere a kan babura mutane suka tsorata. Amma Inna ta zauna a bakin ƙofata ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun rasuwar ɗanta.

Da maigidana ya dawo ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki akwatin cajin a kan keke ya sa a aljihu, ya ce ko in koma wa mai waya ko in zauna haka. Na durƙusa na ba Inna haƙuri, da zuciya ɗaya na ba ta, don abin da ya same ta bai kamata ba. Amma shi na ce masa ba zan ba da haƙurin sayen iyafis ba. Na ce garin nan kaf sun yi gudun rabin awa kowa yana ba da labari, ni kullum daga safe zuwa magariba a cikin gudun nan nake ina zaune, shekara uku, ba wanda ya taɓa tambayata yaya nake wuni. Sai ya ce min, "Idan na fita, ke kaɗai ce mai ƙafa da kunne a gidan nan. Kunnenki ba naki ba ne ke kaɗai." Wallahi maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Amma ita gaskiyar ba ta hana hannuna rawa.

Na kawo masa hanyoyi. Na ce a mayar da kekena ƙofar ɗakin Inna inda idona zai riƙa ganinta da ƙofar gida, ya ce ido ba ya jin ihun waje. Na gwada sa ɗaya in bar ɗaya kunnen a buɗe, babur ɗaya ya tashi na ɓata wuyan rigar mutane. Na ce mu nemi wani gidan, ya ce a ina, garin cike yake da irinmu. Yaya ta ce in taho Safana in huta kwana biyu har ya sauko, na ce ba inda za ni, ban yi laifin da zan bar ɗakina ba. Kwana huɗu ke nan akwatin yana aljihunsa, har gona yake zuwa da shi.

Yau da hantsi bayan ya fita, Inna ta ce in kawo mata iyafis ɗin ta gani. Da sauran ɗan caji a na dama, na goge na sa mata a kunne na kunna karatu. Daidai lokacin aka tada babur a baya, ni na dafe bango, ita ko gezau. Ta daɗe tana saurare kanta a sunkuye, sannan ta cire ta miƙo min ta ce, "Ashe nan kike tafiya ki bar mu." Ban san ko faɗa ne ko tausayi ba. Kafin azahar cajin ya mutu.

Ni dai na riga na yanke abu ɗaya, ba zan koma wa mai waya ba, ba kuma zan zauna kunne buɗe ina karkarwa a kan keke don a ce ina da biyayya ba. Ga yunifom na mutane jibge, Litinin za a zo karɓa. Mai cewa in yi haƙuri kawai na gode masa, amma ya fara zuwa ya wuni a ɗakin nan tukuna.

Abin da nake tambaya, masu sanin kayan waya, da gaske ne akwai irin wanda yake danne ƙarar inji amma ya bar muryar mutum ta shigo, ko daɗin bakin 'yan kasuwa ne? Idan akwai, yana zama a ƙaramin kunne ba ciwo? Sannan iyayena mata da ke cikin zauren nan, in roƙi Inna ta karɓo min akwatin a hannun ɗanta, bayan ni ce na sa ta rarrafe, ko in fita ranar kasuwa in sayo wani iyafis, maigidana ya dawo ya same shi a kunnena?